Hannun Lado a Silimar Abdulghaffar

Maraɗi, Oktoba 2011

Zuwa ga Kawu Malam Isha'aku, a Aziziyya, Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ke tasar wa Inna in sanyi ya sauko. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko har yanzu sai ka goge takalmi kafin ka tafi masallaci. Ni dai saƙo na isar.

Kawu, ka gafarce ni da ambaton sunayen manya. Ni ne Alkasim, ɗan farin abokinka marigayi Alhaji Lado da taubashiyarka Hajiya Uwani. Rabonka da ni tun ina yaye da ɗan kwanaki, lokacin da muka baro Jidda. An gaya mini ba ka karɓar magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na ba wani maniyyaci wannan takarda.

Limamin masallacin unguwarmu ya tsufa, dattawa suna neman na'ibi. Mu biyu aka ambata, ni da wani Malam Yahya. Na yi karatuna daidai gwargwado, kuma shekaru ke nan ni ke jan sallar asuba in liman bai fito ba. Sai wani mutumin Malam Yahya, wanda ya taɓa zama a unguwar Nuzla ta Jidda, ya tashi gaban dattawa ya ce mahaifina ya je aikin hajji ya ƙi dawowa, ya zauna a ƙasa mai tsarki yana haska wa mutane silima. Ya ce wanda aka raina da abincin silima bai dace ya tsaya gaban sahu ba.

Mu abin da muka tashi muka ji a gari shi ne a gidan burodi ya yi aiki, can ne ma hannunsa na dama ya ƙone. Shi bai taɓa cewa e ko a'a ba. Inna kuwa in na tambaye ta sai ta yi dariya ta shige ɗaki.

Shugaban dattawan, Alhaji Abubakar, ya ce shaidar mutum ɗaya mai mutunci da ya zauna da shi a can ta wadatar. Don Allah Kawu, layi biyu kawai: cewa a gidan burodi ka san shi.

Ɗanka,
Alkasim

*

Jidda, Nuwamba 2011

Zuwa ga ɗana Alkasim.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni lafiya, ko da yake an naɗe ta tare da yaji, har yanzu in na buɗe ta sai na yi atishawa. Ina cikin ƙoshin lafiya, illa kunnen hagu da ya yi nauyi. Ka gaya wa Uwani ina goge takalmina, kuma zan ci gaba da gogewa, domin ban ga dalilin da zai sa mutum ya je gaban Ubangijinsa da ƙurar titi ba.

Ka nemi layi biyu. Ba za ka same su ba. Abin da za ka samu shi ne tarihin wurin, kamar yadda ya kasance, daga bakin wanda ya zauna a cikinsa.

A shekarar 1975 wani attajiri mai suna Abdulghaffar ya gina kasuwa a kan hanyar Abhur. A wancan zamani wurin bayan gari ne, babu komai sai rairayi da garejin manyan motoci. Shaguna ne a jere sun kewaye fili: mai yadi, mai agogo, kantin magani, da gidan burodi na wani ɗan Yaman. E, akwai gidan burodi. Mahaifinka ya shige shi sau da yawa, amma a matsayin mai saye.

A bayan shagunan akwai wani fili mai doguwar katanga. Aka shafe bango ɗaya da farin fenti, aka jera kujerun ƙarfe, aka gina ɗan ɗaki a sama mai ƙananan tagogi domin injin majigi. Daga baya aka yi masa rufi, har ana iya haskawa da rana. Wannan ita ce Silimar Abdulghaffar. Ba ta da allon suna a waje, amma duk direban tasi ya san ta.

Lado ya zo hajji da sana'ar gyaran rediyo a hannunsa. Wani Bamisre ne ke kula da injin, ya ga yaron yana da kai, ya koya masa. Da Bamisren ya koma gida, Abdulghaffar ya zama kafilin mahaifinka, wato mai tsaya masa a hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, har ya ɗauko Uwani. Saboda haka mai cewa ya ɓoye ne a ƙasar bai faɗi daidai ba. Mai cewa ya haska silima kuwa gaskiya ya faɗa.

Ni a lokacin akawu ne a wani kamfanin jiragen ruwa. Finafinan ta Beirut suke biyowa, da rubutun Larabci da na Faransanci a ƙasa. Sai in zauna a kujerun baya tare da mutanenmu, direbobi da masu gadin gidajen Abhur da leburorin Nuzla da ke cikowa a bayan a-kori-kura, ina mayar musu da zancen Hausa da ƙarfi. Ba su da haƙuri ko kaɗan.

"Malam, me ta ce masa?"

"Ta ce ba za ta koma ba."

"Haba Malam, duk wannan dogon surutun?"

"Sauran kuka ne, kai ma kana da ido."

Ina so ka fahimci wani abu da ba za ka iya sani daga Maraɗi ba. A garin nan, a wancan lokaci, duk inda baƙar fata ya tsaya sai an tambaye shi takarda, sai an kira shi da sunan da ba uwarsa ce ta raɗa masa ba. A ɗakin nan kaɗai ba a tambayar iƙama. Da an kashe fitila babu mai sanin wane ne kafili wane ne direba. Na ga mutanen da suka yi shekaru ba su ga 'ya'yansu ba suna share hawaye da hula saboda 'ya'yan wasu a jikin bango. Ban taɓa jin kunyar zama a cikinsu ba, kuma ba zan fara yanzu da furfura ba.

Gidan yana da ƙa'idarsa. In an kira salla, inji ya tsaya. In kuma aka zo wurin da bai dace ido ya gani ba, ba a sa almakashi, domin fim ɗin na aro ne, dole a mayar da shi cikakke. Sai dai a rufe bakin injin. Bamisre da kwali yake rufewa. Lado ya ce kwali ƙazanta ne, ya sa Uwani ta saƙa masa faifai irin na rufe ƙwarya. Da wurin ya zo sai ya ɗora faifan, bango ya yi duhu, sauti yana tafiya, jama'a su yi ta ihu: "Yalla ya Lado, ɗaga!" Wani ya ce, "Halas, ai sun gama!" Ba ya ɗagawa sai lokaci ya yi. Zafi yakan babbake faifan, uwarka ta saƙa wani. Hannunsa kuwa a cikin ɗakin injin nan ya ƙone, ba a bakin tanderu ba.

A farkon shekarun 1980 umarni ya zo aka rufe irin waɗannan wurare duka. Lado ya ce ba zai iya zaman gadi ba bayan ya riƙe inji, ya kwashe ku ya koma gida. Ɗakin ya zama ma'ajiyar kujeru da gadaje, ya zama zauren biki, ya zama wurin wasan yara, yanzu tayoyin mota ne a ciki. Gari ya taho ya haɗiye kasuwar, har ta zama tsohuwa a tsakiyar dogayen gine-gine. Ina jin ƙishin-ƙishin za a rushe ta.

Wannan ita ce shaidata. Ka karanta wa dattawanku ita in ka ga dama. Ta burodi kuwa, ka nemi wanda ya ci shi.

Kawunka,
Isha'aku Adamou

*

Maraɗi, Janairu 2012

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kunnen ya yi sauƙi. Inna tana lafiya, ta ce a gaya maka ita ba ta ga abin da goge takalmi ya ƙara maka ba.

Da na fara karanta takardarka gabana ya faɗi. Amma da na kai wurin faifai, wallahi sai da na yi hawaye. Ashe abin da ya fi burodi ka ba ni! Ashe mahaifina tsayawa ya yi tsakanin idon Musulmi da alfasha, jama'a suna zaginsa bai janye ba, har hannunsa ya ƙone a kan haka. Yanzu na gane dalilin shirunsa. Mai aiki don Allah ba ya talla.

Abin da zan gaya wa dattawa ke nan: cewa ya karɓi aikin ne domin ya rage ɓarna, tunda in ba shi ba wani zai riƙe injin ya bar komai a buɗe, kuma tabon hannunsa shi ne shaida. Zan ce daga bakinka na ji.

Mai kawo maka wannan sunansa Haladu, maƙwabcinmu ne. Umra zai yi ya juyo nan kusa, sai ka ba shi amsa. In ban ji komai ba har Mauludi, zan ɗauka ka amince.

Ɗanka mai godiya,
Alkasim

*

Jidda, Afrilu 2012

Alkasim,

Sallama a gare ka. Lafiyata ƙalau. Raina ne a ɓace.

Na ba ka amsa a ranar da takardarka ta zo. Na sa ta hannun Haladu, na nanata masa cewa ta gaggawa ce, ya rantse mini jirginsa yana nan tafe. Shekaranjiya na je gaisuwar rasuwa a Nuzla, sai ga Haladunka a bakin masallaci ya shimfiɗa tabarma yana sayar da turare da carbi.

Na ce, "Kai, ba ka tafi ba?"

Ya ce, "Wallahi Baba, ina kan hanya."

"Wace hanya? Ina takardata?"

Ya laluba aljihu ya fito da ita, ta sha gumi ta yi laushi kamar ganyen kabeji. Ya ce, "Ga ta nan, ban bari komai ya same ta ba. Da na ɗan haɗa na tsaraba zan kai."

Laifina ne da naka baki ɗaya. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a ba mai umrar fari saƙon komawa. Wannan ta gidan waya zan aiko ta.

Yanzu ka saurara da kyau. Na rubuta maka zancen faifai, na rubuta maka zancen hannu, kai kuma ka ɗaura musu aure ba da waliyyi ba. Hannun Lado bai ƙone wurin rufe komai ba. Wurin buɗewa ya ƙone.

Wata Juma'a ce bayan la'asar, ɗaki ya cika har ana zama a ƙasa. Fim ɗin Indiya ne, labarin wata uwa da ɗanta ya ɓace mata a tashar jirgin ƙasa yana ƙarami. An kai inda ya girma, ya zo ƙofar gidanta neman ruwan sha, bai san ta ba, ba ta san shi ba. Fitilar injin irin ta dā ce, sandunan gawayi biyu ne wuta ke ci a tsakaninsu. Sai maƙallin da ke riƙe ɗaya ya karye, haske ya fara rawa. Abin da hankali zai ce shi ne a kashe inji a ba jama'a haƙuri. Lado ya naɗe hannu da tsumma ya kama ƙarfen. Tsumman ya ci wuta, bai saki ba. Ni daga ƙasa na ji ƙauri, na bar fassara na hau da gudu. Na same shi yana riƙe da ƙarfe, idonsa a taga, yana ce mini, "Kar ka taɓa ni, Isha'aku, saura kaɗan."

Wannan ba aikin mai rage ɓarna ba ne. Aikin mutum ne da ke son sana'arsa, da kuma ba ya iya katse wa mutane labari a tsakiya.

Kuma ka yi tunani: ta yaya mai rufewa zai san inda zai rufe? Duk fim ɗin da ya zo sai ya fara kallonsa shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. A duk Jidda babu wanda ya ga abin da ke bayan faifan nan sai mahaifinka. Yana rufewa ne domin ƙa'idar gida ce, kuma yana ganin ƙa'idar daidai ce. Amma ba don ita ya karɓi aikin ba. Yana rera waƙoƙinsu in yana share injin. Yana salla a kan lokaci, yana azumi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma yana son silima. Duka a jikin mutum ɗaya. In Maraɗi ba ta da wurin ajiye irin wannan mutum, matsalar Maraɗi ce.

An fara rushe kasuwar. Na sa jikata ta kai ni. Sun cire rufi, rana ta faɗa a kan bangon nan, har yanzu farin fentin yana leƙowa ta ƙarƙashin launukan da aka yi ta shafawa. Tagogin ɗakin injin suna nan. Mai gadin wurin ɗan mutanenmu ne haifaffen nan, Hausarsa rabi da rabi. Na ce masa nan silima ce. Ya yi dariya ya ce, "Silima? A Jidda? La ya ammi, a'a Baba, ka manta ne." Ka ga inda muka kai. An rushe ginin, yara ba su yarda an yi shi ba, kai kuma kana so ka mayar da mutumin da ya riƙe shi waliyyi domin ya shige maka ƙofar masallaci.

Ba zan rubuta wa dattawanku ba, ba aikina ba ne. Amma ka ce daga bakina ka ji. Ranar da ɗayansu ya tambaye ni, abin da ke cikin wannan takarda zan maimaita masa ba ragi.

Isha'aku Adamou

*

Maraɗi, Mayu 2012

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Takardarka ta zo a makare. Mauludi ya wuce ban ji komai ba, na je na faɗa. Alhaji Abubakar har da hawaye, ya ce hannun nan zai yi wa mai shi shaida gobe kiyama. An tsayar cewa kafin azumi za a tara jama'a a tabbatar da ni.

Kawu, kai kana Jidda, ka gama aikinka, babu abin da za ka rasa. Ni a nan zan rayu, a nan 'ya'yana za su yi aure. Na yi shekaru ina fita asuba cikin sanyi ba don a biya ni ba. Abin da na faɗa wa ya cutar? Ya rufe, ko bai rufe ba? Ya ƙone, ko bai ƙone ba? Sauran tsakaninsa da Allah ne.

Ba na neman ka yi ƙarya. Shiru kawai nake roƙo. In wani alhaji daga nan ya zo gaishe ka, ka ce kunnenka ya yi nauyi. Ai gaskiya ne.

Alkasim

*

Maraɗi, Yuli 2012

Zuwa ga bawana Isha'aku mai takalmi.

Ni ce Uwani. Surukata Zubaidatu ke rubutawa, na ce mata duk abin da na faɗa ta sa, ko zagi ne. Kana lafiya? An ce ka kurumce. Ai dama can ba ka jin magana. Gwiwata tana nan tana cina, amma na fi ka ƙarfi.

To, ga abin da ka jawo da dogon Turancinka. Mata suka fara shigo mini gida suna cewa ashe matar waliyyi ce ni. Wata har ta ce in saƙa mata faifai irin wancan don albarka. Na ce wane waliyyi? Mutumin da in yana wanka unguwa ke jin waƙar Indiya?

Na kira ɗan naka ɗaki. Na ce, "Zauna. Me ka je ka ce?" Ya faɗa mini. Na ce, "Ni na yi jinyar hannun nan. Ni na ba shi tuwo a baki har ya warke. Kullum ina faɗa ina cewa me ya kai ka, shi kuma yana cewa ai ba a barin mutane a tsakiyar labari. Kai a ina kake?" Ya ce, "Inna, maganar ta riga ta fita." Na ce, "Ta koma. Sun ce an raine ka da abincin silima, gaskiya suka faɗa. Ni na ci shi, ya zama nono, ka sha. In ƙazanta ne, ga ni, fara wanke ni kafin ka wanke ubanka." Ban ƙara ba. Halas. Ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni.

Ranar taron a zauren Alhaji Abubakar aka yi. Na tafi cikin gida wurin matarsa kamar gaisuwa na je, muka zauna jikin bango muna ji. Alhaji ya fara yabo, yana cewa ɗan mai ƙonannen hannu. Sai na ji muryar yaron nan ya ce a dakata. Ya ce abin da ya faɗa dā ba haka yake ba. Ya ce ubansa mai haska silima ne, yana son aikinsa, kuma hannun ya ƙone ne don kada fim ya tsaya. Ya ce bai ga ya kamata ya tsaya gaban sahu da ƙaryar da ya ɗora wa mamaci ba.

Wani ya ce, "To wa ya aike ka?" Wani tsoho ya ce, "Ni dai wanda ya iya faɗin wannan, zan bi shi salla." Aka yi ta ja. Ba su fi yawa ba, Isha'aku. An ba Yahya.

Kar ka ce komai. Na san bakinka.

Ya dawo gida ya ci tuwo har da ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba. Da asuba ya tafi masallaci ya tsaya sahun farko bayan Yahya, kansa a sama. Jiya kuma ya zo ya zauna bakin ƙofata kamar ƙaramin yaro ya ce, "Inna, wai matar cikin fim ɗin nan ta gane ɗan nata?" Na ce ina zan sani, ranar maza ce, ni faifai kawai nake saƙawa. Marigayi kuma ban taɓa tambayarsa ba saboda haushi.

Saboda haka yalla, kai da ka iya fassara. Mutumin nan ya ba da hannunsa don a ga ƙarshen, ɗansa ya ba da limanci. Ka rubuto mana yadda aka ƙare. Kuma kar ka ba mai umra.

Uwargijiyarka,
Uwani

*

Jidda, Agusta 2012

Zuwa ga Uwani, wadda ba ta taɓa mallakar bawa ba sai a baki, da kuma ɗana Malam Alkasim.

Assalamu alaikum, barkanku da shan ruwa. Ina lafiya. An gama rushe kasuwar, fili ne yanzu an kewaye shi da kwano.

Alkasim, uwarka ta hana ni magana, saboda haka abu ɗaya zan ce. Na rubuta "Malam" a gaban sunanka a sama, kuma ni ba na rubuta kalmar da ban auna ba.

Game da tambayarku, dole in faɗi gaskiya: ban ga ƙarshen fim ɗin ba. Ina ɗakin inji, bayana yana ga taga, ina ƙoƙarin ɓamɓare hannun Lado daga ƙarfe yana ture ni da kafaɗa. Mutanenmu na kujerun baya sun kalli wurin babu mai fassara, kuma babu wanda ya neme ni. Na dai ji ɗakin ya ɗauki wata irin kuwwa, Larabawa da 'yan Yaman da Hausawa murya ɗaya, ana buga kujeru. Ba zan ƙirƙira muku abin da ban gani ba.

Amma ina da shaidar wanda ya gani. A cikin tasi, muna hanyar asibiti, hannunsa a naɗe cikin rigata, ina ta yi masa faɗa cewa ba shi da hankali. Bai ji ko ɗaya ba. Ya juyo, gumi yana zuba, yana murmushi, ya ce, "Isha'aku, ka yi asara. Tun kafin ya gama shan ruwan ta gane shi."

Naku,
Isha'aku Adamou